Kiwon agwagwar mandarin: daga ginin keji zuwa renon 'ya'yanta

Wanda ya saba da agwagin gida, ranar da ya yi niyyar kiwon mandarin sai ya ajiye rabin abin da ya sani a gefe. Agwagwar gida ta daɗe a hannun mutane har ta yi nauyi, ta saba da hayaniya, duk lungun da ta samu a ƙasa nan za ta zuba ƙwai. Mandarin kuwa, ko da kakannin kakanninta a keji aka ƙyanƙyashe su, har gobe tsuntsuwar daji ce. Tana tashi sama kai tsaye da gudu, tana hutawa a kan reshe, a kogon bishiya take sheƙa, 'ya'yanta kuma ba su san kwanon abinci ba. Yawancin asarar da masu kiwo ke yi daga manta wannan take tasowa.

Asalinta gabashin Asiya ne: gabashin Rasha, Sin, Koriya da Japan, a dazuzzukan da ke bakin koguna da tafkuna. Masana suna kiranta Aix galericulata. Ƙarama ce, tsawonta santimita 41 zuwa 49, nauyinta rabin kilo ko sama da haka kaɗan. Toron shi ne mai adon da ke jan ido: jan baki, farin zane a saman ido, tukku, dogayen gasu masu ruwan lemo a kumatu, da wasu faffaɗan gasu biyu da ke tsaye a bayansa. Macen toka-toka ce, da farin zobe siriri kewaye da ido wanda ya ja layi zuwa baya. Toron ne ke sa mutum ya zura hannu a aljihu, amma macen ce kiwon. Lafiyarta da kwanciyar hankalinta su za su nuna ko za ka ga 'ya'ya.

Keji kafin tsuntsu

Kada ka sayi ko ɗaya sai wurin ya kammala. Tun ran gini tun ran zane, domin gyaran keji da tsuntsaye a ciki yana firgita su, mace kuma in ta firgita a farkon lokacin ƙwai tana iya ƙin yi har shekara ta zagayo.

Abu na farko rufi. Mandarin ba ta bukatar fili kafin ta tashi, kuma tana da kaifin farce da take hawa raga da shi, saboda haka shinge komai tsayinsa ba ya tsare ta. An fara samun ƙyanƙyasarta a gidan namun dajin Landan a 1834, yau kuma akwai dubbai da ke rayuwa a sake a Birtaniya, duk jikokin waɗanda suka tsere daga hannun masu kiwo ko aka saka. Wannan ma ya sa wasu ƙasashe suke da doka kan mallakarta da shigo da ita, don haka ka tambayi hukumar da ke kula da namun daji ko lafiyar dabbobi a inda kake tun kafin ka kashe kuɗi.

Ga namiji da mace ɗaya, fili mai mita 3 a kan mita 4 da tsayin mita 2 ya wadatar, in ka sami fiye da haka ya fi. Tsayin nan don kai ma ka shiga a miƙe ne, mai shiga a sunkuye ba ya shara da kyau. Gefuna ka sa ragar waya mai ƙananan idanu, kamar santimita 1 zuwa ɗaya da rabi, aƙalla daga ƙasa zuwa ƙugu. Ka binne ragar santimita 30 zuwa 40 cikin ƙasa, ka lanƙwasa ƙarshenta waje, saboda ɓera da duk wani mai tono. Rufin ya fi kyau da ragar zare mai laushi ko waya mara kaifi, domin in wani abu ya razana su da dare sama suke yi, su fasa kai. Wani sashe na rufin ka rufe shi ruf, don inuwa da ruwan sama, da kuma hana kashin tsuntsayen waje zuba cikin abinci. Ƙofa ta zama biyu, da ɗan soro a tsakani: ka shiga, ka rufe ta farko, sannan ka buɗe ta biyu. Mutane suna ganin wannan ɓarnar kuɗi ce, sai ranar da toro ya wuce ta saman kafaɗarsu.

A ciki ka kafa rassa masu kaurin damtse a tsayi daban-daban, ka dasa ƙananan itatuwa ko dogayen ciyayi inda mace za ta ɓuya idan toro ya matsa mata. Ƙasan ya zama yashi ko ciyawa. Siminti mai kaushi yana cin tafin ƙafarsu har ya kumbura ya yi mugunya. Sanyi ba ya damunsu sosai muddin suna da mafaka daga iska, zafin rana ne ya fi wahalar da su, saboda haka inda ake zafi inuwa da ruwa mai sanyi su ne gaba da komai.

Ruwan ba sai ya yi girma ba. Tafki mai faɗin mita ɗaya da rabi da zurfin santimita 30 zuwa 50 ya isa su yi wanka, su nutsar da kai, su yi barbara, domin a kan ruwa suke barbara, kuma rashinsa yana kawo ƙwai marasa ɗa. Abubuwa biyu sun fi girman muhimmanci. Na ɗaya, gefe guda ya zama gangare mai ɗan kaushi wanda ɗan kwana ɗaya zai iya takawa ya fita. Na biyu, ya kasance da magudana a ƙasa da za ka zare toshiya ruwan ya fice waje da kejin. Tafkin da sai an kwashe da bokiti, ba a jima ake fara ɗaga ranar wanke shi. Ka zuba tsakuwa kewaye da bakinsa don kada wurin ya zama caɓi.

Sayen tsuntsayen

Ka saya wajen mai kiwo da zai bari ka ga iyayen da wurin da suke. Ka nemi namiji da mace da ba uwarsu ɗaya ubansu ɗaya ba, ko da sai ka sayi kowanne a wuri daban. Araha ba ta ado: 'yan gida ɗaya sukan zo da sauƙin kuɗi, amma bayan zuriya biyu ko uku sai ka fara ganin ƙananan jiki da ƙwai da ba sa ƙyanƙyashewa. Wannan ya fi tsanani a farar mandarin da sauran masu launin da aka samar a keji, domin dama daga tsuntsaye kaɗan aka yaɗa su.

Ka riƙe tsuntsun ka duba. Ido garau, hanci ba majina, gashin gindi ba kashi a manne, ƙashin ƙirji da tsoka a gefensa, tafin ƙafa ba kumburi. Wajen kamu kuwa, da raga mai laushi ake yi, a riƙe jiki tare da fukafukai. Ba a ɗaga mandarin ta ƙafa.

Akwai 'yar uwarta ta Amurka ta Arewa, agwagwar Karolina, wadda macenta ke kama da macen mandarin har a ruɗe. Ka dubi ido: farin da ke idon macen Karolina faffaɗa ne, na mandarin siriri ne mai jela. Ba na son a haɗa su keji ɗaya a lokacin ƙwai, domin akwati iri ɗaya suke so, kuma mata biyu sukan zuba a wuri guda.

Sababbin zuwa ka ware su sati uku zuwa huɗu nesa da sauran tsuntsayenka. Kuma kada toro ya fi mace yawa. Toro biyu da mace ɗaya a ƙaramin keji azaba ce gare ta, za su fige mata ƙeya, wani lokaci su danne ta cikin ruwa har ta mutu.

Abinci

A daji suna cin tsaba, 'ya'yan itatuwa da suka faɗo, ganyen ruwa, ƙwari, dodon koɗi, jefi-jefi da ƙananan kifi, kuma sun fi ci da asuba da magariba. A keji ginshiƙin abincinsu shi ne haɗaɗɗen abincin agwagi mai furotin kashi 14 zuwa 16 cikin ɗari, da ɗan hatsi kamar alkama, da yankakken ganye a watsa kan ruwa. Kamar wata ɗaya kafin lokacin ƙwai ka koma na masu ƙwai, mai kashi 17 zuwa 20, ka rage hatsi, domin mace mai ƙiba ba ta ƙwai da kyau. Ƙananan tsakuwa don niƙa, da dakakken ɓawon kawa don ƙarfin ɓawon ƙwai, su zauna a kwano dabam, ta ɗiba gwargwadon bukatarta. Burodi ba abinci ba ne a gare su. Duk abincin da ya jiƙe ya yi fumfuna ka zubar da shi ba tare da tunani ba, saboda agwagi, musamman ƙanana, suna cikin tsuntsayen da gubar aflatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa, ta fi saurin kashewa. Da dare ka ɗauke kwano, in ba haka ba ɓeraye kake kiwo.

Akwatin sheƙa

Nan ne mutane da yawa ke shekara biyu suna jiran ƙwai a banza. Mace ba za ta yi a kwando ko a bayan buhu ba, rami mai duhu take nema wanda ya ɗaga daga ƙasa. Ka sa kafinta ya haɗa akwati da katako mai kauri mara fenti a ciki: ƙasa santimita 25 zuwa 30 kowane gefe, tsayi santimita 50 zuwa 60, da ƙofa zagayayya mai faɗin santimita 10 kusa da sama. Murfin ya zama mai buɗuwa. Ka huda ƙananan ramuka a ƙasa don kada ruwa ya kwanta, ka zuba dusar katako mai manyan ɓarɓashi kamar santimita 8 zuwa 10, domin ita ba ta ɗauko ciyawa ta kawo. Daga ciki, ƙarƙashin ƙofar, ka manna ɗan yankin raga ko ka sassaƙa katakon ya yi kaushi. Wannan shi ne tsanin da 'ya'yan za su taka su fito, kuma in babu shi suna iya mutuwa a ciki uwar tana kira a waje.

Ka kafa akwatin a tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a inuwa, ƙofar ba ta fuskantar rana ko hanyar da mutane ke wucewa. In an rage wa tsuntsayenka fiffike, ka sauko da shi ka jingina katako mai matakai. Kowace mace a ba ta akwati biyu ta zaɓa. Ka sa su tun da sauran watanni, ta yi ta leƙawa tana shiga tana fita har ta amince.

A ƙasashen arewacin duniya, cikin Afrilu da Mayu suke ƙwai, domin ƙaruwar tsawon yini ce ke tayar musu da sha'awa, kuma 'yar shekara ɗaya tana iya farawa. Tana yin ɗaya kullum, yawanci da safe, har su kai 9 zuwa 12. Idan ka ga ta fara fige lallausan gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa, ta kusa kwanci. In ka tarar da ƙwai ashirin a akwati ɗaya, mata biyu ne suka haɗa, kuma ba za su rufu ba, sai ka rage.

A Sin ana ɗaukar mandarin alamar amanar aure, har ana zana su a kayan biki. Gaskiyar magana ita ce da zarar kwanci ya yi nisa toron yakan janye, uwa ita kaɗai take kwancinta, ita kaɗai take reno.

Kwanci: uwa, kaza ko inji

Kwanakin kwanci 28 zuwa 30 ne. In kejinka ya tsaru kuma macen mai natsuwa ce, ka bar mata. Ba injin ƙyanƙyasar da ya kai ta. Aikinka kawai ka rage shiga. Takan fito da safe da yamma ta ci ta yi wanka, ta lulluɓe ƙwan da gashi, to a wannan ɗan lokacin ne kaɗai za ka ɗaga murfi in dole ne. Wadda aka tayar daga kan ƙwai sau biyu sau uku tana iya barinsu gaba ɗaya.

Mai son 'ya'ya da yawa yakan kwashe zubin farko, domin sau da yawa macen takan sake wani bayan 'yan makonni. Ban ga hikimar a matsa mata fiye da zubi biyu a shekara ba. In za ka kwashe, ka riƙa ɗauka kullum kana barin na bogi a gurbin, ka rubuta kwanan wata da fensir, ka ajiye a wuri mai sanyin digiri 12 zuwa 15 a ma'aunin Salsiyas, tsinin yana ƙasa, kada su wuce sati ɗaya. Ƙaramar kaza mai kwanci tana iya ɗaukar shida zuwa takwas, sai dai ka tabbata ba ta da ƙwarƙwata.

In inji ne mai fanka, zafi digiri 37.5, laima kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari, juyi aƙalla sau uku ko biyar a yini. Ka kunna shi kwana biyu kafin ka sa ƙwai, ka gwada shi da wani ma'aunin zafi na dabam, domin lambar da ke jikin ƙananan injuna ba kullum take gaskiya ba. Ƙwan agwagin daji ba ya son inji tun daga ranar farko kamar na kaza, shi ya sa gogaggun masu kiwo sukan bar wa uwa ko kaza kwana goma zuwa sati biyu na farko, sannan su ƙarasa a inji.

Tsakanin kwana 7 da 10 ka haska kowane ƙwai da tocila a ɗaki mai duhu. Mai ɗa za ka ga jijiyoyi ja sun bazu da ɗan ɗigo mai motsi. Wanda ya fito fayau ba ɗa, wanda ke da jan zobe ya mutu, duk ka cire su kafin su zama baragurbi su fashe. Ka riƙa lura da gurbin iskan da ke faffaɗan kan ƙwan, shi ne zai gaya maka ko laimarka daidai take. Ya kamata ya riƙa girma a hankali, har ƙwan ya rasa kusan kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa kafin ƙyanƙyasa. In gurbin ya tsaya ƙarami laima ta yi yawa, ɗan zai kumbura ya kasa juyawa. Daga kwana 10 ana iya buɗe injin minti goma kullum a ɗan fesa ruwa mai ɗumi, kwaikwayon fitar uwa da dawowarta da jiƙaƙƙen ciki.

A kwana 26 ka daina juyi, ka ɗaga laima zuwa kashi 70 ko 75, ka rufe injin ka cire hannunka. Daga huda ɓawo zuwa fita ana iya ɗaukar yini guda, har biyu. A nan gaggawa ke kisa: wanda aka ɓare wa ɓawo kafin jijiyoyin jini su janye, ko kafin ya shanye gwaiduwa, ba ya rayuwa.

Satin farko

Wannan shi ne wurin da kiwon ke tsayawa ko ya rushe, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

A daji, bayan kamar yini ɗaya da ƙyanƙyasa, uwa takan sauka ƙasa ta yi kira, 'ya'yan su hau bakin kogo su diro ɗaya bayan ɗaya, komai tsayin bishiyar, ba abin da ke samunsu saboda rashin nauyi da laushin gashi. Daga nan ta ja su zuwa ruwa, su fara cafkar ƙwari. Abu biyu ke cikin jininsu ke nan: hawa da tsalle, da bin abin da ke motsi.

In uwa ce ta ƙyanƙyashe, ka shirya kejin tun kwana uku kafin ranar. Ka zagaye ƙasan raga da katako ko langa-langa mai tsayin santimita 40, domin ramin da kake ganin bai isa komai ba ya ishe su. Ka cika tafki har baki, ka tabbata gangaren yana nan. Ka zuba ciyawa ko yashi ƙarƙashin akwatin. Ka fitar da sauran agwagi, toron ma in ka ga yana saran 'ya'yan ka ware shi. Ka watsa abincin 'ya'ya a faranti mara zurfi a bakin ruwa. Sauran aikin nata ne.

In kai ne uwar, ka bar su su bushe a inji, awa goma sha biyu zuwa yini, sannan ka mayar da su akwatin reno mai santsin bango da murfin raga. Murfin ba zaɓi ba ne. Ɗan kwana ɗaya yana hawa kusurwar kwali da farce ya fice, da safe ka tarar da shi a sandare a bayan ƙofa. Zafi ƙarƙashin fitila ya zama digiri 32 zuwa 35 a satin farko, ana rage kamar digiri 3 kowane sati. Fitilar a gefe ɗaya, don wanda zafi ya ishe shi ya sami wurin gudu. Su da kansu za su nuna maka: in sun cunkushe ƙarƙashin fitila suna kuka sanyi suke ji, in sun watse bakin bango suna haki zafi ya yi yawa. Ƙasa ka shimfiɗa tsohon tawul ko tabarmar roba mai kaushi. Jarida tana da santsi, tana sa ƙafafu su baje. Dusar katako kuma sai bayan sun san abinci, in ba haka ba ita za su ci. Ka ajiye akwatin a wuri shiru, ka rufe rabinsa da zane, ka sa musu wani abu mai laushi da za su shige ƙarƙashinsa.

Gwaiduwar da suka shanye takan riƙe su kwana biyu, da ƙyar uku. A cikin wannan tazara dole su koyi ci, in ba haka ba a kwana na huɗu ko na biyar za ka fara tsintar gawa alhali kwano cike yake. Mai kiwo sai ya ce cuta ce, nan kuwa yunwa ce. Maimakon su dubi kwano, duk hankalinsu yana kan tsalle suna neman hanyar fita.

Dabarun duk ɗaya ne, a sa abincin ya yi motsi. Da farko ka tsoma bakin kowanne cikin ruwa. Ka zuba ruwa kaɗan a faranti ka barbaɗa garin abinci ya yi yawo a kai, tare da ganye yankakke ƙanana. Ka barbaɗa wani a bayansu, in suna gyaran gashi su ɗanɗana. Ka jiƙa bangon akwatin daidai tsayin kansu ka manna ɓarɓashi, tunda can suke kallo. Ka jefa 'yan ƙananan tsutsotsi masu rai, irin waɗanda ake kiwo don tsuntsaye, cikin abincin, garin cafkar tsutsa sai su haɗa da gari. Dafaffiyar gwaiduwa da aka marmasa ita ma tana jan su. Dabarar da ta fi duka ita ce malami: ɗan agwagwar gida ƙarami mai lafiya, sa'ansu ko wanda ya girme su da kwana ɗaya ko biyu. Shi ba ya jiran a roƙe shi, suna ganin yana ci za su bi. Ka cire shi da zarar ya fara fin su girma. Wasu masu kiwo kuma sukan saki kowane ɗa daga ɗan tsayi ya faɗa kan tawul, wai sai ya ji ya diro kafin hankalinsa ya kwanta. Ba ta cutarwa in an yi a hankali, amma kada ka dogara da ita ka bar sauran.

Kada ka yarda da ido kawai. Ka duba ko akwai kashi mai launin abinci a shimfiɗa, in kana da ƙaramin sikeli ka auna su kullum. Wanda nauyinsa ke raguwa bayan kwana na uku bai fara ci ba.

Abincin ya zama na 'ya'yan agwagi mai furotin kashi 18 zuwa 20. In na 'yan tsaki kaɗai ka samu, ka zaɓi wanda ba a sa wa magani ba, ka ƙara masa ɗan busasshen yis, domin agwagi sun fi kaji bukatar nayasin, ɗaya daga bitamin na rukunin B, kuma ƙarancinsa yana lanƙwasa ƙafa. Ruwan sha ya kasance kullum kusa da abinci, mai zurfin da baki da hanci za su nutse amma jiki ba zai shiga ba. Ka jera tsakuwa a cikin farantin. Abin mamaki ne amma ɗan agwagwa yana mutuwa a ruwa: wanda ba uwa ce ke renonsa ba gashinsa yakan jiƙe sharkaf, sanyi ya kama shi. Wanka sai daga kwana huɗu ko biyar, minti kaɗan a ruwa mai ɗumi kana tsaye, sannan su koma ƙarƙashin fitila.

Daga sati na uku zuwa gaba

Wanda ya tsallake kwana goma, yawanci ya tsira. Wajen sati na uku ka sauko da furotin zuwa kashi 15 ko 16, ka yawaita ganye. Abinci mai ƙarfi da yawa a lokacin da manyan gasun fiffike ke tsirowa yana sa ƙarshen fiffiken ya murɗe ya juya waje. In ka gan shi da wuri, ka naɗe fiffiken a yadda ya kamata ya kwanta da bandeji mai laushi na kwana uku zuwa biyar, yakan gyaru. In ƙashi ya riga ya ƙwari, shi ke nan.

In za ka sa zoben shaida mara tsaga a ƙafa, mai faɗin kusan milimita 9, cikin sati na biyu ake zura shi kafin ƙafar ta yi girma. Daga sati uku zuwa huɗu suna iya yini a waje cikin ƙaramin keji mai rufi in yanayi da ɗumi. A kwana 40 zuwa 45 suke fara tashi, don haka rufi ya riga wannan ranar. Wanda ba shi da rufi yakan datse manyan gasun fiffike ɗaya da almakashi, ba ya zafi in gashin ya gama girma, amma sai an maimaita duk bayan sake gashi, kuma mantuwar sati ɗaya ta isa. Yanke gaɓar fiffike dungurungum kuwa ƙasashe da dama sun hana ko sun taƙaita shi ga likitan dabbobi, ni ma ban ga dalilinsa ba ga mai iya yin rufi.

Duk 'ya'yan da kamannin uwa suke tasowa. Wajen wata biyu bakin maza yakan fara ja, na mata ya tsaya toka-toka, cikakken ado kuma sai bayan 'yan watanni. Haka shi ma babban toro, bayan lokacin ƙwai yakan zubar da adonsa kaf ya koma kamar mace, jan bakin ne kawai zai nuna shi, kuma yakan yi kusan wata ɗaya ba ya iya tashi. Ba ciwo ba ne, kada ka ɗura masa magani. Abinci mai kyau da rashin damu yake so.

Ciwon da ya fi kama su daga ruwa da iska yake zuwa. Ruwan da ya kwana biyu cikin zafi da ruɓaɓɓen abu a ciki yana haifar da gubar da ke sa wuya da ƙafafu su saki. Shimfiɗa mai fumfuna tana kama huhu, ka ga tsuntsu yana buɗe baki yana numfashi da ƙyar. Murar tsuntsaye da annobar agwagi kuma agwagin daji ne ke yawo da su, shi ya sa ba a barin su sauka a tafkinka. Tsutsar ciki a kai kashi a auna sau ɗaya ko biyu a shekara, likita ya rubuta magani da adadinsa. Mandarin tana ɓoye ciwo, wadda ka gani ta takure a ƙasa da rana alhali sauran suna kan reshe, ka ware ta a ranar. In biyu ko uku suka mutu a tare, ka kira likitan dabbobi kafin ka taɓa sauran.

Da lokacin ƙwai ya wuce ka sauke akwatunan, ka zubar da tsohuwar dusa, ka wanke da ruwan zafi ka shanya. Ka rubuta wace uwa ce ta haifi waɗanne da lambar zobensu, domin in sun yi ado ba za ka iya bambanta su ba. Matasan da za ka riƙe ka nemo musu abokan zama daga wani jini, ka haɗa su watanni huɗu ko biyar kafin lokacin ƙwai mai zuwa, saboda macen ce ke zaɓen toro, kuma wadda aka kawo wa baƙo ana saura sati biyu yawanci ƙwai marasa ɗa take zubawa.